Gidan 'Yan Mason na Detroit: Tambayoyi da Amsoshi Kan Gini Mai Ɗaki 1,037 da Har Yau Ba a Gama Shi Ba

Duk sanda hoton ginin nan ya zagayo a waya sai ka ga wani ya rubuta a ƙasa wai nan ne hedikwatar matsafan duniya, wani ma ya ƙara gishiri ya ce a ciki ake zaɓen wanda zai mulki Amurka. To ga tambayoyin da jama'a suka fi yi a kansa da amsoshinsu. Tun yanzu in faɗa maka, yawancin labarin ginin nan labarin kuɗi ne, kuɗin mota da suka shigo gari kaman ambaliya daga baya kuma suka janye suka bar mutane da ƙaton gida da ba su iya riƙewa.

Wane gini ne wannan, kuma a ina yake?

Gidan taron ƙungiyar Firimason ne, wato 'yan Mason, da ke birnin Detroit a jihar Michigan ta Amurka, can arewa a bakin iyaka da Kanada, kogi ne kawai ya raba su. Yana lamba 500 a titin Temple, yana kallon wani ɗan filin shaƙatawa da ake ce ma Cass Park. Shi ne gidan Mason mafi girma a duk duniya, kuma ya riƙe wannan kambun tun 1939 da aka rushe wani dogon bene nasu da ke Chicago. Ɗakunansa 1,037, ɓangaren da ya fi tsawo ya kai ƙafa 210, wato wajen mita 64. A 1980 gwamnatin Amurka ta sa shi cikin rajistar wuraren tarihi na ƙasa.

Su waye ma 'yan Mason ɗin, me ya haɗa su da gini?

Kalmar mason ai magini take nufi, mai sassaƙa dutse. A Turai ta da, maginan da suke gina manyan coci-coci da gidajen sarauta suna da ƙungiyarsu ta sana'a, kaman dai yadda maƙera ko magina suke da sarkinsu da tsarinsu a wajenmu, yaro ya shiga a matsayin ɗan koyo, ya zama ya iya, in ya daɗe ya zama gwani. Kuma da yake lokacin babu satifiket, magini in ya je wani gari neman aiki akwai kalmomi da irin gaisuwar hannu da zai yi a gane shi ɗan sana'a ne ba ɗan damfara ba. Asalin sirrin ke nan. A hankali a Sikotilan da Ingila sai suka fara karɓar mutanen da ko cokalin gini ba su taɓa riƙewa ba, attajirai da 'yan boko da masu sarauta, har abun ya tashi daga ƙungiyar sana'a ya koma kulob na manyan mutane. A 1717 rassa huɗu a Landan suka haɗu a wata mashaya suka kafa uwar ƙungiya ta farko, daga nan ne ake lissafin Masuniyya irin ta yau.

Shi ya sa duk alamominsu kayan aikin magina ne: kamfas, ƙarfen awon kusurwa, guduma, cokalin gini, da ɗan farin walki na fatar rago da suke ɗaurawa a ƙugu. Matakansu na asali uku ne, ɗan koyo, abokin sana'a, sai gwani. Wannan 33 ɗin da kake ji ana ta maimaitawa a bidiyo, na wani reshe ne da ake kira tsarin Sikotilan, wanda sai ka gama ukun nan kake shiga in kana so. Sannan duk tatsuniyarsu a kan ginin Annabi Sulaiman (AS) a Ƙudus take zagayawa, da wani babban magini da suke kira Hiram Abif wanda a labarinsu aka kashe shi saboda ya ƙi fallasa sirrin sana'a. Shi ya sa ma suke kiran gidajensu da sunan ɗakin ibada duk da su da bakinsu suna cewa ba addini suke yi ba.

To me ya sa mafi girma yake Detroit, ba New York ko Washington ba?

Mota, malam. Amsar ke nan a taƙaice.

A 1900 mutanen Detroit ba su kai 290,000 ba. Sai Henry Ford ya fito da motarsa Model T a 1908, a 1913 ya kawo tsarin haɗa mota a layi a masana'antarsa ta Highland Park, a 1914 kuma ya ce zai riƙa biyan lebura dala 5 a rana, wanda ya ɗan haura ninki biyu na abun da ake biya lokacin. Ai kuwa sai duniya ta taso, 'yan Folan, 'yan Italiya, Larabawan Sham, baƙaƙen fata daga kudancin Amurka, kowa ya nufo Detroit. Kafin 1920 garin ya kusa miliyan 1, a 1930 ya wuce miliyan 1 da rabi. A irin wannan garin da kowa baƙo ne, mutum yana buƙatar inda zai san mutane, ya samu kwangila, ya samu wanda zai tsaya masa in ya kwanta ciwo ko ya binne shi in ya mutu ya kula da iyalinsa, kuma lokacin gwamnati ba ta da wani tsarin fansho na kowa da kowa. To ƙungiyoyin 'yan uwantaka irin su Mason su suke cike wannan gurbin, sai rajista ta yi ta hauhawa. Shi kansa Ford ɗan Mason ne, tun 1894 ya shiga wani reshe na garin mai suna Palestine.

Kuma 'yan Mason ba baƙi ba ne a garin, tun 1764 sojojin Ingila suka kafa reshe na farko a Detroit. Shi Lewis Cass da aka sa wa filin gaban ginin sunansa, gwamnan yankin ne a da, kuma shi ne shugaban Mason na farko na Michigan a 1826. Suna da wani gidan a titin Lafayette da suka gina wajen 1895, mai hawa da yawa, suna ganin zai ishe su har jikoki, ashe ko shekara 25 ba zai yi ba zai cika ya batse.

Yaushe aka gina shi, nawa ya ci?

An sa diga a ƙasa ranar bikin godiya na Amurkawa a watan Nuwamba 1920. An aza harsashi a watan Satumba 1922, kuma don a nuna isa sai da aka ɗauko ainihin cokalin ginin da George Washington ya yi amfani da shi wajen aza harsashin majalisar dokokin Amurka a 1793, daga jihar Virginia aka kawo shi, don shi ma Washington ɗan ƙungiyar ne. An buɗe shi a hukumance ranar bikin godiya na 1926. Shekara shida cif ke nan. Kuɗin da ya ci wajen dala miliyan 6.5 na wancan zamanin, zamanin da sabuwar Model T ba ta kai dala 400 ba, kai sai ka yi lissafin motoci nawa ke nan. Kuma ba gwamnati ce ta ba da ba, 'yan ƙungiya ne suka yi karo-karo da alƙawura, wanda wannan alƙawarin shi ne ya zo ya zame musu ƙarfen ƙafa, za mu zo wajen.

Wa ya zana shi?

George D. Mason. Eh, sunansa ke nan, Mason, dacewa ce kawai, kodayake shi ma ɗan ƙungiyar ne. An haife shi a 1856, kuma lokacin da aka ba shi aikin nan ya riga ya zama dattijo a sana'ar, ya haura 60. Kamfaninsu ne ya zana shahararren otal ɗin nan na tsibirin Mackinac a 1887, tsohon gidan Mason na titin Lafayette ma aikinsu ne. A ofishinsa Albert Kahn ya fara koyon zane yana yaro, wanda daga baya ya zana wa Ford manyan masana'antunsa, to ka ga ubangidan gwani ne.

Adon ciki kuwa mafi yawansa hannun wani matashi ne ɗan asalin Italiya, Corrado Parducci, haihuwar 1900, wanda ya taso a New York ya dawo Detroit a 1924 ya zauna har mutuwarsa a 1981. Ni a ganina shi ne ya ba ginin rai. In ka cire aikinsa na filasta da tagulla da fitilu, abun da zai rage ƙaton dutse ne mai fuskar shanu. Babban zauren shiga ma wani gidan sarauta da ya gani a Palermo ta tsibirin Sisili ya kwaikwayo. Mutum-mutumi ukun da ke saman ƙofar shiga kuma Leo Friedlander ne ya sassaƙa su, su ne suke wakiltar Sulaiman da Hiram sarkin birnin Taya da shi wancan magini Hiram Abif.

Me ya sa yake kama da coci?

Saboda salon da aka zaɓa, salon Gotik, shi ne na tsofaffin manyan coci-cocin Turai, bakan ƙofa mai tsini, dogayen tagogi sirara, komai yana miƙewa sama yana jan ido. Kuma wannan zaɓin ya ɗan saɓa da al'ada, don yawancin manyan gidajen Mason na Amurka a lokacin salon Girka ko Rum ko Masar ake musu, ginshiƙai jere a gaba kaman kotu ko banki. Shi George Mason hujjarsa ita ce tunda ƙungiyar daga maginan coci ta samo asali kuma a Landan aka kafa ta, to a koma gida, a yi irin ginin da kakannin sana'ar suka yi.

Amma fa kar dutsen ya ruɗe ka. Tsoffin magina dutse suke ɗorawa kan dutse shi yake ɗaukar nauyi, wannan kuwa ƙashinsa ƙarfe ne irin na dogayen benayen Amurka, farin dutsen jihar Indiana riga ce kawai aka sa masa. Abun dariyar ke nan, gidan da aka gina don tunawa da masu sassaƙa dutse, ma'aikatan ƙarfe da injiniyoyi ne suka tsayar da shi. Ba don ƙarfen ba ma da ba yadda za a yi a ɗora wani makeken zaure a saman wani makeken zauren ba tare da dajin ginshiƙai a tsakiya ba.

Ɗaki 1,037 ɗin nan, duk me ake yi da su?

Da farko dai lissafin ya haɗa har da ofisoshi da sito da ɗakin canza kaya da ƙananan lunguna, ba wai duka zauruka ba ne. Ginin kashi uku ne a haɗe. A gefe ɗaya akwai doguwar hasumiyar da rassa suke taronsu na sirri, an tsara ta ta ɗauki ƙungiyoyi wajen 50 kowa da ranarsa. A ɗaya gefen akwai bene hawa 10 na wani reshe da ake ce ma Shriners, su kuma nasu labarin daban ne, yana tafe. A tsakiya kuma sai dogon ɓangaren da ya haɗa su, inda manyan zaurukan suke.

Babban gidan wasan yana cin mutum sama da 4,000, dandamalinsa faɗin ƙafa 100 zurfin ƙafa 55, yana cikin mafi girma a Amurka, kuma tun ranar farko don haya aka yi shi, jama'ar gari su zo kallo kuɗin ya riƙe sauran ginin. Akwai wani ƙarami mai kujera 1,586 da 'yan tsarin Sikotilan suka riƙa amfani da shi a da, don su yawancin matakansu da wasan kwaikwayo ake ba da su, da kaya da labule da fitilu, sabon shiga yana zaune yana kallo. Akwai zaurukan biki guda biyu manya. Sannan a saman babban gidan wasan akwai filin fareti mai murabba'in ƙafa 17,500, in kana son ka gane girmansa, fuloti uku da rabi ke nan irin na 50 da 100, a sama fa, a kan rufin wani zauren. Daɓensa na katako ba a manne yake da kankare ba, a kan wani abu mai taushi aka shimfiɗa shi yana ɗan lotsawa, don ƙafar masu maci kar ta gaji. Yanzu da masu faretin suka yi ƙaranci, 'yan matan da ke tseren takalmin taya ne suka daɗe suna gasarsu a wajen.

Ɗakunan sirrin fa, yaya cikinsu yake?

Tsarinsu kusan ɗaya ne a ko'ina a duniya. Ɗaki ne mai tsawo, kujerar shugaba a gabas a ɗan tudu, mataimakansa biyu ɗaya a yamma ɗaya a kudu, 'yan ƙungiya a jere a gefe da gefe, a tsakiya kuma wani ɗan teburi da ake buɗe littafi mai tsarki a kai, a Amurka galibi Baibul, a ɗora kamfas da ƙarfen kusurwa. A bakin ƙofa akwai mai gadi da takobi. Abun da ya bambanta na Detroit shi ne kowane ɗaki da irin adonsa, wannan na Masar ta Fir'auna da ginshiƙai masu kan fure da launuka, wancan na Girka, wani na Rumawan gabas, wani na Italiya, wani na Ingila ta da, kaman mutum yana zagaya tarihin gini daga hawa zuwa hawa. 'Yan reshen da ke kiran kansu mayaƙan Templar kuma, wanda shi sai Kirista ke shiga, nasu ɗakin kaman ƙaramin coci yake da tagogin gilashi masu launi.

An ce akwai ɓangaren da aka rubuta "Moslem", wai Musulmi ne suka gina?

A'a, ko kusa. Wannan ita ce tambayar da ta fi shafarmu kuma ta fi ban haushi da ban dariya a lokaci guda.

A 1872 wasu 'yan Mason a New York, ƙarƙashin wani likita Walter Fleming da wani ɗan wasan kwaikwayo William Florence, suka ga taron ƙungiya ya cika tsauri ba nishaɗi, sai suka ƙirƙiro wani reshe na shagali suka yi masa ado da kayan Larabawa, don lokacin Turawa suna cikin yayin duk wani abu na gabas. Suka sa jar dara a ka, tambarinsu takobi da jinjirin wata da tauraro, rassansu kuma suka riƙa raɗa musu sunaye irin su Mecca a New York, Medinah a Chicago, Al Malaikah a Los Angeles. Na Detroit sai ya ɗauki Moslem. Mutanen da ke ciki kuwa kusan duka fararen fata ne Kiristoci, 'yan kasuwa da lauyoyi da manajojin kamfanin mota, ba sallah ba salati, sunan kawai suka ara kaman kayan tashe. Su ne Shriners, su aka gina wa benen nan mai hawa 10, daga baya ma suka tattara suka koma unguwannin bayan gari.

Wani abun lura, a daidai lokacin da ake haƙa ramin ginin nan, ainihin Musulmin garin, leburorin Ford 'yan Sham da sauransu, sun buɗe masallaci a Highland Park a 1921, yana cikin na farko-farko da aka gina takanas don sallah a Amurka, kuma bai daɗe ba ya rufe. Masu sunan aro suna da bene hawa 10, masu sunan gaske ɗan masallacinsu ya gagara riƙewa. Yau kam zance ya juya, Dearborn da ke maƙwabtaka da Detroit tana cikin wuraren da Larabawa da Musulmi suka fi yawa a Amurka, da manyan masallatai.

Amma a yi adalci, Shriners ɗin nan sun yi abun kirki guda da ba a musu, asibitocin yara. Na farko sun buɗe shi a 1922 a Shreveport ta jihar Louisiana, suka yi ta ƙarawa har suka haura 20, suna duba yara masu matsalar ƙashi da ƙuna ko iyaye suna da kuɗi ko ba su da shi.

Gaskiya ne wanda ya zana ginin ya faɗo daga samansa ya mutu, fatalwarsa tana yawo a ciki?

Ƙarya ce. Labarin da ake bazawa shi ne wai ya zuba dukiyarsa a ginin ya talauce, matarsa ta gudu, sai ya hau can ƙololuwa ya diro. George Mason ya rayu shekara 22 bayan buɗe ginin, ya mutu a 1948 yana da shekara 91, mutuwar tsufa. Amma ka san ɗan Adam, babban gini in babu jini a labarinsa kaman bai cika ba, mu ma ai muna da namu na Babban Gwani da ake cewa sarki ya sa an kashe shi don kar ya sake gina wa wani irin wanda ya gina masa. Kuma gini mai lunguna fiye da dubu, da matattakalar da ke ɓoye a bango, da hawa-hawan da ba kowa, iska kaɗai in ta buga ƙofa ta isa ta haifi fatalwa goma.

Da gaske ba a gama ginin ba?

Da gaske. A sama akwai ramin wurin ninƙaya da aka zuba kankarensa amma ba a taɓa cika shi an yi wanka ba, akwai kuma gidan wasa na uku da aka fitar da siffarsa da matakalar kujeru aka bar shi haka ba filasta. An buɗe ginin da niyyar a ƙarasa sauran a hankali, sai ga karyewar tattalin arziki ta 1929, kuma ba garin da ta daka kaman Detroit don wanda ba shi da abinci ba ya sayen mota. Masana'antu suka sallami ma'aikata, bankunan garin suka durƙushe a 1933, waɗanda suka yi alƙawarin kuɗi suka kasa cikawa. Daga nan ba a sake samun sararin komawa kan aikin ba, yau kusan shekara 100 ke nan.

Baƙaƙen fata suna shiga?

Lokacin da aka gina shi, a'a. Ƙungiyar da take wa'azin 'yan uwantaka ta daɗe tana rufe wa baƙar fata ƙofa a Amurka. Shi ya sa suke da tasu daban, wadda ake kira da sunan Prince Hall, wani baƙar fata a Boston da ya shiga ta hannun sojojin Birtaniya a 1775 ya kuma samo takardar izini daga Landan a 1784. A Detroit ma gidansu daban yake. Sai can ƙarshen ƙarni na 20 ne rassan fararen suka fara amincewa da su jiha bayan jiha. Mata kuwa har yau ba sa shiga ainihin ƙungiyar a tsarin da aka fi bi, sai dai wani reshe na gefe da aka yi wa matansu da 'ya'yansu.

Ya aka yi har aka kusa yin gwanjonsa?

Abu biyu ne suka haɗu masa. Garin ya zube, ƙungiyar ma ta zube. Detroit ta kai mutum miliyan 1.8 a 1950, daga nan masana'antu suka fara ƙaura, fararen fata masu kuɗi suka koma bayan gari musamman bayan tarzomar 1967, a ƙidayar 2020 mutum 639,000 da 'yan kai suka rage. Unguwar da ginin yake ta zama kango da 'yan ƙwaya, ba mai son ajiye motarsa a wajen da dare. Su kuma 'yan Mason a Amurka sun haura miliyan 4 a 1959, yanzu ba su kai miliyan 1 ba, yaran zamani ba su da lokacin zuwa su haddace dogayen kalmomi su ɗaura walki. To ka duba, gidan da aka yi wa dubban mutane, ga kuɗin wuta, ga na ɗumama ɗaki dubu a garin da ƙanƙara ke zuba wata da watanni, ga rufi yana yoyo.

A 2013, shekarar da shi kansa birnin ya je kotu ya ce ya tsiyace da bashin wajen dala biliyan 18, hukumar haraji ta ƙaramar hukumar Wayne ta sa ginin a layin gwanjo saboda bashin haraji. Sai wani da bai so a faɗi sunansa ba ya biya dala 142,000. Daga baya aka bayyana mawaƙin nan ne ɗan garin, Jack White, kuma dalilinsa shi ne lokacin da mahaifiyarsa take fama da neman aiki, a gidan nan aka ɗauke ta tana nuna wa 'yan kallo kujerunsu. Sai aka sa wa zauren nan mai kujera 1,586 sunansa. Duk wanda ya ce maka daga ginin nan ake juya duniya, ka tambaye shi ya aka yi masu juya duniya suka kasa biyan harajin ƙaramar hukuma sai da ɗan mai nuna kujera ya cece su.

To kana nufin ba ƙungiyar asiri ba ce ke nan? Ina maganar Iluminati?

Ban ce haka ba. Suna da rantsuwa, suna da kalmomin sirri, suna rufe ƙofa, kuma a ƙasashe da dama an sha kama 'yan ƙungiyar suna ɗaure wa juna gindi a kotu da kwangila da siyasa, Italiya ma a 1981 wani reshe mai suna P2 sai da ya kayar da gwamnati da asirinsa ya tonu. Wasu manyan hukumomin addini kuma ba su yarda da su ba. Cocin Katolika ta haramta shiga tun 1738, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta fitar da fatawa mai zafi a kansu a 1978, kuma tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya hana ɗan ƙungiyar asiri tsayawa takara. Babbar matsalar da malamai na kowane ɓangare suke gani ita ce rantsuwar da ake yi a ɓoye, da kuma yadda ake jera duk addinai a matsayin ɗaya a gaban wani abun da suke kira babban mai zanen duniya.

Iluminati kuwa wata ƙungiya ce daban da wani malamin jami'a Adam Weishaupt ya kafa a Bavariya ta Jamus a 1776, ta kutsa cikin wasu rassan Mason, hukuma ta murƙushe ta kafin shekara 10. Ba ta da alaƙa da ginin Detroit. Hotunan ban tsoro da kake gani na mutane da ƙaho da fenti a fuska a cikin ginin, yawanci na bikin Halowin ne, bikin da ake shigar dodanni don nishaɗi, da 'yan gari suke kama hayar wajen su yi.

Mutum zai iya shiga ya gani?

Ƙwarai. Ana sayar da tikitin zagaya a wasu ranaku, ɗan rakiya ya bi da kai har cikin ɗakunan taron da wajen ninƙayar da ba ruwa. Ana kama hayar zaurukan a yi bikin aure, makarantu suna yaye ɗalibai a ciki, mawaƙa da 'yan barkwanci suna cika babban zauren, kuma da wannan kuɗin ginin yake numfashi. Rassan Mason suna nan suna taronsu a hasumiyar, sai dai ranar taro ba za a bar ka ka leƙa ba. Unguwar ma ta ɗan farfaɗo tun da aka buɗe sabon filin wasa na Little Caesars a kusa a 2017. In za ka je, ka sa takalmi mai daɗin tafiya, kuma kar ka rabu da ɗan rakiya.

Akwai irinsa a wasu garuruwan?

Akwai, sai dai ba mai girmansa. Na Philadelphia ya girme shi, an gama shi a 1873, yana fuskantar sakatariyar birnin, kuma a ado na ciki ni ina ganin ya fi na Detroit, akwai ma zaure guda da aka kwaikwayo fadar Alhambra ta Musulmin Andalus. A Washington akwai wanda John Russell Pope ya zana aka buɗe a 1915, da zakuna masu kan mutum guda biyu a ƙofa. A Alexandria ta Virginia akwai hasumiyar tunawa da George Washington mai ƙafa 333, a can ne ma cokalin ginin nan da aka aro yake ajiye. Uwar gidan duka kuma tana Landan a titin Great Queen, an gama ta a 1933 don tunawa da 'yan ƙungiya sama da 3,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ita ma tana da gidan tarihi da kowa zai iya shiga, har da shagon sayar da tsaraba.